Ranar da Arɗo Buba Ya Gyara Mini Lissafi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a gindin darbejiyar makarantarmu, ranar da wani dattijo da bai taɓa riƙe alli ba ya gyara mini lissafi a gaban iyayen yara da malamai da Sufeton makarantu. Ni kuwa a lokacin malamin lissafi ne. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A farkon shekarun saba'in ne, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, aka turo ni wata babbar firamare a ƙasar Gaya (ba zan faɗi sunan garin ba, don har yanzu akwai masu rai da suka ga abin, kuma ba na son in tuna musu). Tsofaffin garin suna kiranta Midil, ko da yake hukuma ta daɗe da barin wannan suna. Aji biyar zuwa bakwai ake yi a cikinta. Yaran da suka gama aji huɗu a ƙananan makarantun ƙauye su ake tattarowa nan: daga Kademi, daga Balan, har ta wajen Gafasa da Ajingi. Na kusa su tako da ƙafa kullum, na nesa kuma a ajiye su a gidajen dangi a cikin gari.

Shekarata ashirin da biyu, haifaffen birni, da sabon satifiket ɗin malanta na Giredi Tu wanda ko ninki bai yi ba. Wandona yana da karin guga da zai iya yanka albasa. A aljihun gaba biro uku ne, ja da shuɗi da baƙi (baƙin ba ya rubutu, don ado kawai nake saƙala shi). A ganina ba aiki aka turo ni ƙasar Gaya ba, ceto aka turo ni.

Hedimastanmu Malam Lawan dattijo ne ɗan ƙasar, mai magana a hankali kamar wanda ke tsoron kada ya tashi jariri. Ya koyar da iyayen wasu daga cikin yaran. In ka ambaci yaro, zai gaya maka sunan ubansa, da inda gonarsu take, da ko uwarsa na da rai. A lokacin ban ɗauki wannan a matsayin ilmi ba. Na ɗauka tsegumi ne irin na mutanen ƙauye.

To, makarantar ta yi shekara biyu a jere ba ta taɓuka abin kirki ba a jarrabawar shiga sakandare. Sai ga takarda daga ofishin ilmi: Sufeto zai zo, yana so a tara masa iyayen 'yan aji bakwai. Tare da takardar aka aiko da littattafan shirin jarrabawa guda ashirin. Yaran aji bakwai kuwa su talatin da takwas ne a rajista. Aka tsayar cewa za a zaɓi ashirin a riƙa yi musu darasin yamma, su ne kuma za a rubuta sunayensu su zauna jarrabawar. Wanda ba a zaɓa ba, karatunsa ya tsaya nan ke nan, don bayan aji bakwai babu wani aji sai gona ko kasuwa ko kiwo.

Malam Lawan ya tara mu a ofis ya ce, "Sai mu zauna mu bi yaran nan ɗaya bayan ɗaya, kowane malami ya faɗi abin da ya sani."

Na gyara biro ɗina na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan tsohon yayi ne. Son kai zai shigo. A kwaleji an koya mana yadda ake barin lamba ta yi magana da kanta. A ba ni kwana uku."

Sauran malamai suka dubi juna. Malam Lawan ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini rajista da takardar makin jarrabawar da aka yi wa yaran kafin in zo. Ya ce, "To, Malam, Allah ya taimaka."

(Ya kamata in faɗa a nan cewa satina shida kacal a makarantar. Lissafi nake koyarwa a duka ajujuwan uku, ba ni nake kiran suna da safe ba, kuma rabin yaran ban iya haɗa fuskarsu da sunansu ba. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan.)

Na kasa yaran kashi uku. Kashi na farko 'ya'yan cikin gari, wato na ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a, su goma sha huɗu. Na biyu 'ya'yan manoman ƙauye, su goma sha biyar. Na uku 'ya'yan Fulani makiyaya, su tara. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba sai yau ita ce, tun kafin in ɗora biro a takarda na riga na san amsar da nake so. Yaran gari su ne masu wanke riga, su ne masu ɗaga hannu, su ne masu yi mini dariya in na yi barkwanci da Turanci. Yaran ruga kuwa can baya suke zama, ba su cika magana ba, in ka tambaye su sai su sunkuyar da kai. Ni ɗan birni ban san cewa kunya ce ba, na ɗauka rashin sani ne.

Na tara makin kowane kashi, na raba da yawan sunayensu a rajista. 'Yan gari suka tashi da hamsin da takwas. 'Ya'yan manoma hamsin da biyu. 'Ya'yan Fulani talatin da biyar. Na jingina da kujera ina murmushi kamar wanda ya gano maganin zazzaɓi. Na dai lura da cewa a gaban wasu sunaye huɗu babu lamba, ɗan layi kawai aka ja. Sai na ce a raina, ka gani ko, waɗannan ma ko ɗaya ba su ci ba, malamin ne ya ji kunyar rubuta musu sifili. Na wuce.

Daga nan na samo babban farin kwali, na kwana biyu ina zane da rula. Na zana ginshiƙai uku a jere. Na 'yan gari dogo, da shuɗi. Na manoma matsakaici, da kore. Na Fulani ɗan guntu a gefen dama, da ja, don kowa ya gan shi. Da na ga fili ya yi yawa a saman guntun, sai na cike wurin da sunana da manyan baƙaƙe, na ƙara da "Giredi Tu" a ƙasa, na ja masa layi biyu.

Ana gobe taro, bayan an tashi yara, na kai wa Malam Lawan. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Zane ya yi kyau. Amma Malam, Bello fa? Jikan Arɗo Buba. Ai shi ya zo na biyu a ajin gaba ɗaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a cikin ƙaiƙayi akan tsinci ƙwayar hatsi. Mu ba yaro ɗaya muke dubawa ba, jimla muke dubawa."

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Haka ne. Ni dai da ka sake bi a hankali. Sauri kan haifi nawa." Daga nan aka kira shi a kan maganar abincin Sufeto, ya fita.

Ban sake bi ba. Gawayi na hura, na zuba a dutsen guga, na yi wa wandona kari.

Ranar Laraba, ranar kasuwar garin ce, shi ya sa aka zaɓe ta don iyaye su haɗa tafiya. Bazara ce, zafi tun da hantsi. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, aka fito da bencina. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, manoma suka jingine kekunansu a jikin katanga. Mata kaɗan, yawancinsu tsofaffi, suka zauna daga baya. Sufeto wani ɗan gajeren mutum ne mai tabarau, ba ya dariya ba ya fushi, sai dai ya rubuta abu a ɗan littafinsa. 'Yan aji bakwai an ce su zauna a aji su yi karatu, amma tagar ajin tana kallon bishiyar, don haka kawunansu ne jere a taga kamar tulunan sayarwa.

Ana shirin farawa sai ga wani dogon tsoho siriri da malfa da sanda, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Ya yi sallama, ya zauna can bakin tabarma. Malamin da ke kusa da ni ya raɗa mini, "Arɗo Buba ke nan. Daga wajen Gafasa ya tako tun asuba." Na gyaɗa kai kawai. Hankalina na kan kwalina.

Bayan addu'a da jawabin Malam Lawan, aka ce malamin lissafi zai yi bayani. Na rataye kwalin a jikin allo. Na fara da Turanci, na yi kusan jimla biyar kafin in tuna cewa ban da Sufeto da malamai ba mai ji na. Na koma Hausa, amma ina yi ina yayyafa "abarej", wato matsakaicin maki, kamar gishiri. Na nuna shuɗin ginshiƙi da rula, na nuna kore, na sauko kan ja na ɗan dakata don maganar ta shiga.

Na ce, "Jama'a, lamba ba ta ƙarya, ba ta da ɗan'uwa, ba ta da maƙiyi. Abin da ta nuna shi ne mu ba 'yan gari goma sha huɗu gurbinsu, mu cike da shida daga 'ya'yan manoma. Sauran kuwa a yi haƙuri. Ba ƙiyayya ba ce. Littafi ashirin ne, ba ma so mu zuba ruwa a rariya."

Wallahi haka na ce, rariya. A gaban iyayensu.

Wasu daga 'yan gari suka gyaɗa kai. Manoma suka yi tsit, wani yana wasa da igiyar wandonsa. Na waiga taga, na ga wani yaro fari siriri ya janye kansa ya koma ciki. Daga baya na san Bello ne. A lokacin dai na ɗauka shirun da aka yi na gamsuwa ne, har na fara tunanin yadda Sufeto zai ambaci sunana a ofis.

Sai na ga sanda ta ɗago daga bakin tabarma.

Arɗo Buba bai miƙe ba. Ya gaida Sufeto, ya gaida Liman, ya gaida mai unguwa, ya gaida hedimasta, ya tambayi kowa gajiya da iyali, har na fara duba agogo. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam, a gafarce ni. Ni ban yi boko ba, ko na allon ma ban yi nisa ba. Wancan gajeren, jan nan, shi ne namu?"

"Shi ne naku, Baba."

"To. Yaya aka yi ya gajarce haka?"

Na ji daɗin tambayar. Na sassauta murya irin yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. "Abu ne mai sauƙi, Baba. Abin da yaranku suka ci duka na tara wuri ɗaya, sannan na raba musu daidai, su tara."

"Su tara."

"Su tara, Baba."

Ya ajiye sandar a cinyarsa, ya buɗe tafin hannu ya fara lanƙwasa yatsu. "Bello. Ja'e. Haro. Iro. Sambo." Ya ɗaga dunƙulallen hannun. "Waɗannan su suka rubuta. Sauran huɗun, tun da shanu suka gama cin kara a gonaki suka bi iyayensu kudu neman ruwa. Ni da ƙafata na zo na gaya wa hedimasta. Ko ba haka ba, Malam Lawan?"

Malam Lawan ya dubi ƙasa ya ce, "Haka ne, Arɗo."

Nan take na tuna da 'yan layukan nan huɗu. Da ina da wayo, da nan zan ce na yi kuskure, a ba ni alli in gyara, a wuce wurin. Amma wanda ya yi wa wandonsa irin wannan kari ba ya saurin durƙusawa. Sai na ji bakina yana cewa:

"Amma Baba, ai sunansu yana cikin rajista."

Wani daga cikin manoma ya yi tari irin na mai danne dariya. Arɗo kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya yi magana a hankali, kamar yana neman fatawa.

"To Malam, bari in yi tambaya irin tamu ta daji. Ina da shanu tara. Huɗu suna can kudu. Na tatsi biyar ɗin da ke gida, ƙwarya ta cika. Sai wani baƙo ya zo ya ce, haba Arɗo, ƙwarya ɗaya tal daga shanu tara? Lalle shanunka ba su da nono. Don Allah Malam, shanuna ne ba su da nono, ko shi ne bai leƙa garke ba?"

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan kurciya ina ji daga bayan makaranta. Sai wata tsohuwa daga baya ta saki dariya, ta yi maza ta toshe baki da mayafi, amma ina, ta riga ta ɓalle wa kowa. Liman ya kawar da kai yana girgiza kafaɗa. Mai unguwa ya cire hula ya mayar. Har 'yan garin da suka gyaɗa mini kai ɗazu suna dariya, su ma fi ƙarfi.

Sufeto bai yi dariya ba (da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi). Ya rufe ɗan littafinsa ya ce, "Malam, nawa ne jimlar makin nasu?"

Na duba takarda. "Ɗari uku da goma sha biyar, ranka ya daɗe."

"Raba mana da biyar."

Aka miƙo mini alli. Na rubuta lambar a gefen allo. Jama'a, lissafin da nake bai wa 'yan aji biyar su yi da ka, in yaro ya daɗe in ɗaga masa murya. Na tsaya ina kallon ukun nan da ɗaya da biyar kamar rubutun Sinanci. Gumi ya gangaro ya shiga idona. Allin ya karye, na sunkuya in ɗauka, baƙin biron nan ya zame daga aljihu ya faɗi a ƙasa. Ina tsaka da tsintar su sai na ji murya talatin daga taga, a tare, da irin waƙar da ni na koya musu:

"Sittin da uku, Malam!"

Na rubuta sittin da uku. Sufeto ya ce, "Na 'yan gari nawa ka ce?"

"Hamsin da takwas."

"To gyara zanen, don waɗanda ba su karatu su gani."

Na ciro jan biro, na ɗora rula, na fara ƙara wa guntun ginshiƙi tsawo. Ya kamo na manoma ya wuce. Ya kamo na 'yan gari ya wuce. Kuma tun da a samansa na rubuta sunana, dole jan layin ya ratsa ta tsakiyar "Giredi Tu", ya soke shi tas, ya ci rabin sunan mahaifina. Da hannuna.

Kuna tsammanin na gama? Ban gama ba. Don in wanke kaina, sai na juyo na washe baki na ce, "Alhamdu lillahi, ashe ke nan 'ya'yan Fulani su suka fi kowa ƙwaƙwalwa! Sai mu fara da su."

Sandar ta sake ɗagowa.

"A'a, Malam, kada ka fita rami ka faɗa rijiya. A cikin biyar ɗin nan akwai Sambo. Jikana ne shi ma, ina son sa, amma in an aike shi da saƙo biyu, ɗaya yake kaiwa. Bello ne ya ɗauke shi a baya a cikin lissafin naka. Yaro ai ba garke ba ne. Kowa da kansa."

Daga nan bakin mutane ya buɗe. Wani manomi daga Balan ya ce nasa ɗan kafin ya iso makaranta ya yi tafiyar da ta isa ta gajiyar da jaki, kuma da damina sai ya yi noma kafin ya taho, a sa wannan a wane ginshiƙi? Wani tela na cikin gari ya ce shi dai ya san ɗansa, in an ba shi gurbi don kawai a gari yake, to an zalunci wani. Ni ina tsaye da rula a hannu, ba wanda ya ce in zauna, ni kuma na rasa yadda ake zama.

Tsohuwar nan da ta fara dariya ce ta warware maganar. Iya Hansai ake kiranta, ƙosai take soyawa a bakin kasuwa, jikarta na cikin 'yan mata uku da ke ajin. Ta ce, "Ni fa ban gane ba. Littafin nan, in ido huɗu suka kalle shi, rubutun gogewa yake yi? A gidana mutum shida ke cin akushi ɗaya."

Sufeto ya buɗe littafinsa ya rubuta wani abu mai tsawo. Aka tsayar cewa yara biyu za su riƙa haɗa littafi ɗaya, darasin yamma na duk wanda zai iya tsayawa ne. Sunayen masu zama jarrabawa kuma, in lokaci ya yi, malamai za su zauna su bi yaran ɗaya bayan ɗaya, wato daidai abin da Malam Lawan ya faɗa tun farko. Da aka zo kan wanda zai riƙa yin darasin yamman, kullum, har Asabar, Sufeto ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ina ganin muna da matashi mai ƙwazo."

Da zai hau babur ɗinsa na raka shi, ina jiran faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kana da hannun zane." Ya tayar ya tafi. Malam Lawan kuwa ko kalma ɗaya bai ce ba a kan abin. Ya kira ni ofis, ya ɓara goro ya miƙo mini rabi, muka zauna muna tauna. Da ya zage ni da na fi samun abin riƙewa.

Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa. Kafin Juma'a na sami suna: Malam Tatsa-Tara. Na je sayen fura, mai furar ta dube ni da fuskar kirki ta ce, "Malam, na shanu nawa za a dama maka?" Na yi kwana huɗu ina aiken maƙwabci kasuwa. Yara ba su faɗi sunan a gabana ba, amma duk lokacin da lissafi ya biyo ta kan tara, sai ajin ya kama tari.

Abin da ya hana ni sakewa ba sunan ba ne. Bello ne. Ya daina ɗago kai gaba ɗaya in na shiga aji. Don haka ranar Lahadi na ari keke na nufi wajen Gafasa. Na ɓata sau biyu, ƙaya ta huda mini taya, na isa rugar da azahar ina jan keken, karin wandona ya zama tarihi. Na tarar da Arɗo a gindin tsamiya yana tufka igiya. Na durƙusa har ƙasa.

"Baba, na zo ne in ba da haƙuri."

Ya sa aka kawo mini kindirmo a ƙwarya, ya ce sai na sha tukuna. Na sha. Sannan ya ce, "Ɗana, ni ba kunyata ka na zo yi ba. Na yi ta jira ko wani mai boko zai yi magana, ba wanda ya yi. Lissafin bai dame ni ba, kowa na kuskure. Rariyar nan ce. Yaron ya ji."

Na ce, "Na sani, Baba."

"To ba ni za ka ba haƙuri ba."

Washegari, kafin in fara darasi, na tsaya a gaban aji na ce na yi kuskure a lissafi, na kuma yi wanda ya fi shi a magana, su yafe mini. Na ambaci sunan Bello da na sauran. Ban taɓa ganin malami ya yi haka ba, su ma ba su taɓa gani ba, don haka kowa ya kama kallon tebur. Sai bayan kusan sati biyu, ina tsaka da wani lissafi a allo, na ji siririyar muryar Bello daga baya: "Malam, ba ka ɗauko ɗayan da ka ajiye ba." Na duba, gaskiyarsa. Ban taɓa jin daɗin gyara irin na ranar ba.

Da ruwan farko ya sauka, yaran nan huɗu suka dawo daga kudu. Biyu suka shiga darasin yamma, biyu iyayensu suka ce ya isa haka, kuma ban iya shawo kansu ba. Da sakamako ya fito, makarantar ta fi shekarun baya, ko da yake ba wani abin buga ganga ba ne. Waɗanda suka ci sun fito daga kowane ginshiƙi: akwai ɗan tela, akwai ɗan manomin nan na Balan, akwai jikar Iya Hansai, akwai Bello. Biyu daga cikin waɗanda nake rantsuwa da su a 'yan gari sun faɗi. Sambo ma ya faɗi, Arɗo ya aiko a gaya mini wai ai shi ya faɗa tun farko.

Na yi shekara shida a ƙasar Gaya, na bar ta ina sanin sunan uban kowane yaro da inda gonarsu take. Sunan Tatsa-Tara kuwa ya riga ni isa makarantar da aka mayar da ni, don wani direban lori ya kai shi kyauta.

Abin da na tsira da shi bai fi biyu ba. Duk lissafin da ya fito daidai da abin da zuciyata take so, shi nake fara tuhuma, in sake bin sa sau uku. Na biyu kuma, a duk taron da na ji wani dattijo ya gyara murya ya ce, "A gafarce ni, ni ban yi boko ba," sai in yi maza in nemi wuri in zauna. Na san malami ya iso, kuma ya fi sauƙi a sha gyara a zaune.